Hattara da mai tallan suwic na Cisco a guruf ɗin WhatsApp

'Yan'uwa masu aikin haɗa intanet da kamarorin tsaro, akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf yana tallan suwic (na'urar da ake jona kwamfutoci da kamarori a jikinta su haɗu a layi ɗaya) ƙirar Cisco Catalyst 2960-X mai ramin jona kebul 24, wai gwanjon Turai ne, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Ni ya riga ya cuce ni. Abin da ya fi ci mini rai, kuɗin ba nawa ba ne, na wata makaranta ce da ta ba ni aikin kamara 16.

Ya ce mini samfurin 24PS-L ne, wato mai ba kamara wuta ta cikin kebul, PoE mai wat 370, da ramukan SFP huɗu, wato na jona kebul ɗin faiba. Har ya rantse akwai katin FlexStack a baya, wanda ake haɗa suwic da suwic su zama kamar guda. Na ce ya jona kebul ɗin kwansol, wanda ake haɗa suwic da kwamfuta don a ba shi umarni, ya ɗauko mini bidiyon abin da umarnin "show version" zai nuna game da samfurinsa. Sai ya ce: "Oga, ba ni da kebul ɗin a kusa, ga mota za ta tashi, wani ma na jira." A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, na tura kuɗin.

Da kwalin ya iso na jona kamara ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Na juya bayan suwic ɗin, sai na ga gefen takardar samfurin ya ɗan ɗago. Na sa farce na ɓare, ashe wata aka liƙa a kan wata. Ta ƙasan 24TS-L ce, wanda ba shi da PoE ko kaɗan. Wurin katin FlexStack kuwa murfin ƙarfe ne kawai, ciki fayau. Ramukan SFP biyu ba sa ko ƙyafta fitila. Kafin la'asar mai tallan ya toshe lambata.

Takarda ana liƙa ta, hoto ana aro shi, amma abin da suwic ya faɗa da bakinsa ta ramin kwansol ya fi wuyar murɗawa. Kebul ɗin ba shi da tsada. Ka jona shi da kwamfuta, ka saita gudun sadarwar kwansol ɗin a 9600, ka buga "show version" da "show inventory", ka kwatanta samfuri da lambar siriyal da suka fito da abin da ke jikin ƙarfen. "Show power inline" zai gaya maka ko akwai PoE da wat nawa. Sannan ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da kwamfuta. Ramin manajimen, wato na sarrafa suwic ɗin, da ke ware shi kaɗai ba ya cikin 24 ɗin, kada a ƙirga maka shi.

Ko hakan bai kore jabu gaba ɗaya ba. A 2020 kamfanin tsaron intanet na F-Secure ya binciki jabun 2960-X da asirinsu bai tonu ba sai da aka sabunta musu manhaja suka daina aiki. A Amurka ma, a 2024, an ɗaure wani ɗan kasuwa mai suna Onur Aksoy shekara shida da rabi kan sayar da jabun kayan Cisco da suka shiga asibitoci, makarantu har da rundunar soja.

Na kai ƙorafi banki da shaidar turawa. Makarantar kuma na saya mata wani daga aljihuna, wanda na gwada a gaban mai shago kafin in biya.