Ƙanzon talotalo a Minisota

Saura ƙiris in zubar da abin da ya fi komai daraja a girkin ranar. Na ciro talotalo daga obin, na ɗauki kaskon gashin na nufi wurin wanke-wanke, don a idona ba komai a ciki sai maiƙo da baƙin ƙanzo. Tsohuwar maƙwabciyata, Baturiya ce da ta haura shekara 70, ta cafke hannuna ta ce, "'Yata, ina za ki kai shi? Ai abincin ke nan!" Kunya ta rufe ni a gaban baƙi, ni da nake tuƙa tuwon gida tun ina 'yar shekara 12.

Ranar bikin godiya ce, wanda Amurkawa suke kira Thanksgiving, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Minisota ta fi kowace jiha a Amurka kiwon talotalo, a makon bikin manyan kantuna kamar kyauta suke bayar da shi. Mu masu neman yankan halal kuwa sai mun je shagunan Somaliyawa a Miniyafolis mun sa suna tun da wuri, kuɗin ma ba ɗaya ba. Nawa ya kai kilo 6, ya zo a daskare kamar dutse, kwana 3 ya yi a firji kafin ya saki. Babu kai, babu ƙafa. Wuya da ƙundu da hanta da zuciya an cusa su a cikinsa, wasu a 'yar jakar takarda. Naman ƙirjin kuma, gaskiya, auduga ne. Kazar gidanmu da ke kiwo a bola ta fi shi garɗi nesa ba kusa ba.

To, ashe su ma sun san da haka, shi ya sa suka riƙe romon nan da hannu biyu. Tsohuwar ta juye ruwan kaskon a kofi, ta bari maiƙon ya taso sama, ta kwalfe cokali 4 ta mayar a kaskon bisa wuta kaɗan. Ta barbaɗa fulawa cokali 4, tana burgawa har ta yi launin ƙasa, ƙamshi kamar na gyaɗa a kasko. Sannan ta riƙa tsiyaya romon wuya da ƙundu da na dafa da albasa, kofi 2, kaɗan-kaɗan kamar mai dama talge, tana kankare ƙanzon yana narkewa a ciki. Ko gudaji ɗaya babu. Gishiri da masoro, shi ke nan. Na miƙa mata magi, ta girgiza kai, ta ba ni cokali in ɗanɗana.

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ɗanɗanon naman ne zalla, irin wanda rabona da shi tun romon kakata a ranar Sallah, lokacin da daddawa da gishiri kawai take sawa. Yaushe muka bar wannan? Yau mace za ta marmasa magi 8 a tukunya ɗaya, ta ƙara kori da tayim, ta soya nama har ya zama itace, sannan ta jiƙa ƙanzon da ruwa ta watsar a kwata. Kaza da rago da kifi duk ɗanɗanonsu ɗaya a bakinmu. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Ba wai su ma duka suke da haƙurin ba. Kantuna cike suke da romon kwalba da na gari a takarda, mu kuma dole mu tsaya karanta ƙananan rubutu ko akwai giya ko wani abu na alade. Amma aƙalla an rubuta. Nauyin tsuntsun a rubuce, ranar lalacewarsa a rubuce, har zafin da cikinsa zai kai, digiri 165 a ma'auninsu. Kamfanin Butterball mai sayar da talotalo ma yana da layin waya tun 1981 don masu tambayar yadda ake gashi. A gida kuwa kazar ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa sau nawa saboda ɗaukewar wuta, mai sayarwa ba zai gaya miki ba.

Su a kan damammen dankali suke zuba romon. Washegari ni na ɗumama ragowar da ɗan daddawa da yaji, muka ci da tuwon shinkafa. Da na kira Inna na ba ta labari, ta yi shiru, sannan ta tambaye ni kai da ƙafafun wa aka ba.