Hattara da tallan tsohuwar bas mai cewa "an gama walda, fenti kawai ya rage"

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk mai shirin sayen tsohuwar ƙaramar bas ya kai ta gida ya gyara ta da hannunsa. Za ku ci karo da talla a intanet: mota ta sha fentin share fage mai launin toka, ƙarƙashinta baƙi ƙirin yana ƙyalli, an rubuta cewa an gama duk aikin walda, babu tsatsa, rashin lokaci ne ya sa mai ita zai rabu da ita. Ba kowane mai irin wannan tallan ne maƙaryaci ba, amma da waɗannan kalmomin 'yan damfara suke farauta. Sun san abin da mai gyara a gida ya fi tsoro shi ne walda, domin ita ta fi cin lokaci da kuɗi, sai su sayar masa da alkawarin cewa an ɗauke masa wannan nauyin.

Motocin da aka fi yi wa haka su ne waɗanda darajarsu ta tashi, irin Volkswagen Type 2 da aka fara ƙerawa a Jamus a 1950, da ƙanwarta da ta fito a 1967 wadda aka ci gaba da yi a Brazil har 2013, da Ford Transit na farko na 1965. Ƙarfen motocin wancan zamani bai samu kariya daga tsatsa irin ta motocin yanzu ba. Kuma tsatsar da ke kashe su daga ciki take farawa, a cikin ƙarafan shasi masu rami da dokin ƙofa na ƙasa, inda ruwa da laka suke kwanciya shekara da shekaru. Kafin ka ga fenti ya yi ƙuraje a waje, ƙarfen da ke bayansa ya riga ya huje.

Ga yadda suke aikin. Sai a buga bakin ramin da guduma ya lotsa ciki, a cusa ragar waya ko zaren gilashi ko kumfar nan mai kumbura, wani ma har tsohuwar jarida, a lafta fila, wato kwaɓin nan da masu gyaran jiki ke cike lotsawa da shi, a kai, a goge ya yi sumul, a fesa fentin toka. Ba banza suka tsaya a toka ba. Fenti mai sheƙi yana tona duk wani tudu da kwari a jikin mota, shi kuwa na toka ba ya ɗaukar haske, ido ba ya kama komai. Ƙarƙashin motar kuma a fesa masa baƙin maganin nan mai kama da kwalta a kan tsatsar yadda take, ba kankara ba wanki. Wannan shafin yana riƙe danshi tsakaninsa da ƙarfe, ɓarnar ta ci gaba a ɓoye.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne facin shasi na ƙarya. A yanko fallen ƙarfe a ɗora a kan ruɓaɓɓen wuri, a ɗiga masa walda a kusurwa huɗu ko a buga masa ribit, sannan a bi gefensa da gam mai kauri a yi masa tsari kamar layin walda, a rufe da baƙi. Gyara na gaskiya sai an yanke ruɓaɓɓen har a iso lafiyayyen ƙarfe, a sa sabo mai kauri daidai da na asali, a yi masa walda a zagaye. A waɗannan ƙarafan aka ɗaure ƙafafun mota da mazaunin bel ɗin kujera. A bas ɗin Volkswagen direba yana zaune ne a kan tayoyin gaba, tsakanin gwiwarsa da titi babu dogon hanci, sai fallen ƙarfe. Wanda ya yi facin ƙarya a irin wannan wuri da ran mutane ya yi wasa.

Idan za ku je duba mota, ku je da rana, motar a bushe, ku riƙe tocila da sukundireba da ƙaramar guduma da ɗan maganaɗisu mara ƙarfi sosai, a naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce fenti. Ku bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da ƙasan gilashin gaba da kusurwoyin baya. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, fila ce mai kauri. Wanda ya samu na'urar auna kaurin fenti ya fi kowa morewa: fentin kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 200 (maikiron 1000 ne milimita ɗaya), wurin da aka lafta fila kuwa yakan haura 1000. Fila siririya a kan ƙarfen da aka miƙe ba laifi ba ce, duk mai gyaran jiki yana amfani da ita. Abin gudu shi ne wadda aka cike rami da ita.

Sannan ku kwanta ku shiga ƙarƙashi. Ku ƙwanƙwasa ƙarafan shasi: lafiyayye yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe sai ka ji sautinsa a mace, wani lokaci har ka ji ɓarɓashi na zuba a ciki. Ku ɗaga tabarmar ƙasa, ku leƙa mazaunin batir. Ku ce mai motar ya ɗaga ta da jak a daidai wurin da kamfani ya tanada. Idan wurin ya fara lotsewa, ko ƙofar gefe ta daina rufuwa daidai bayan an ɗaga, kun ga amsarku. Mai gaskiya ba ya hana a soka sukundireba a ƙarfen da ya ce sabo ne.

Ku nemi hotunan aikin tun daga yanka har zuwa walda, kafin a rufe da komai. Mutumin da ya shafe watanni yana walda a gareji da wuya ka same shi ba shi da hoto ko ɗaya, yawanci ma sai ka gaji da kallo. Idan hotunan da ya nuna daga tsatsa suka tsallaka zuwa fentin toka, babu na tsakiya, to tsakiyar ita ce abin da ake ɓoye muku.

Lambar shasi ma a duba ta da ido, a kwatanta da ta takardu. Idan akwai alamar sabuwar walda a kewayen inda aka buga ta, mai yiwuwa daga wata mota aka yanko. Tsarin lamba mai haruffa 17 sai a 1981 ya zama dole a Amurka, saboda haka shafukan binciken tarihin mota da yawa ba sa karɓar lambobin motocin da suka girme shi. Kada wani ya fake da hakan ya ce babu yadda za a tantance.

Batun kafin alƙalami kuwa gajere ne. "Akwai wani yana hanya, turo wani abu in riƙe maka" cinikin biri a sama ne, wani lokaci hotunan ma na motar wani ne aka kwafo. Ba a tura ko sisi sai an taɓa ƙarfe da hannu.

Wanda ya riga ya saya kuma yake zargi, ya ajiye motar kada ya hau titi da ita. Ya adana hoton tallan da duk saƙonnin da suka yi da mai sayarwa, ya kankare baƙin shafin da fila yana ɗaukar hoto a kowane mataki, domin su ne hujjarsa idan zai kai ƙara. In har ta kai ga yanke dokin ƙofa ko ƙarfen shasi, a fara tokare bakin ƙofofi da sandunan ƙarfe, a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, in ba haka ba jikin motar zai karkace ƙofofi su ƙi komawa mazauninsu.