Kafin ka biya kuɗin mota: wace majiya ce za ta ɗauki furojet ɗinka na tarihi?

"Tarihin haƙar kuza a Jos" take ne kawai. Ranar da ka kai wa malamin da ke duba aikinka, abin da zai tambaya shi ne: to, kai me kake cewa a kai? Amsar tana fitowa ne daga majiyar da ka zaɓa, kuma kowace da farashinta.

Mafi tsada ita ce ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna: ga kuɗin mota, ga wurin kwana, ga ɗaukar hoton takardu. Amma a can fayilolin Lardin Filato suke, da rahotannin Razdan da na Di'o. Ɗauki misalin 1942, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzarta, aka shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su Filato aikin tilas har 1944, abin da ake kira diban gwamna. Da waɗannan fayiloli kana iya gwada matsaya irin wannan: tara leburori ta hannun En'e ya rage wa hakimai daraja a idon talakawa. Magana ce da wani zai iya musantawa, shi ya sa ta zama matsaya. Sai dai ka tuna, Baturen da ya rubuta rahoto, na gaba da shi yake rubuta wa. Lebura a takardarsa lamba ce, ba ya magana.

Hira da dattawan Bukuru, Barikin Ladi ko Gangare ta fi araha, goro ne da haƙuri. Amma wanda ya ɗauki kwanon kuza a 1942 da wuya ka same shi yau, sai 'ya'yansa da abin da suka ji. Hira ta fi amfani in zamanin ya matso, kamar faɗuwar farashin kuza a 1985.

Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, tana da daɗin karatu, amma jaridar hukuma ce. Rubuce-rubucen Larabci da ke gidan tarihi na Jos kuwa, in ba ka iya karanta rubutun hannu na Larabci, kada ka ɗora aikinka a kansu.

Ni dai da Kaduna zan fara, ko da kwana uku ne, in rubuta matsayata a jimla ɗaya bayan na ga fayil, sannan in kai wa dattawan Bukuru in ji inda za su ƙaryata Di'o.