Launukan Git na asali ko delta: wanne za a ɗauka?

Masu koyon rubuta manhaja sun sha tambayata wanne ya fi wajen duba canje-canjen fayil a tamina (allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni): gyara launukan Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayil, ko girka delta, wata manhaja da ke ƙawata yadda Git ke nuna canje-canjen?

Ta fuskar kuɗi, duka kyauta ne. Wajen sauƙi kuwa, Git ya yi gaba. Ka buɗe .gitconfig, fayil ɗin saitin Git, ka sa launin da kake so a color.diff.old da color.diff.new, shi ke nan. Sai dai a tsarinsa na asali launi ɗaya yake shafa wa layi gaba ɗaya, ja ga abin da aka goge, kore ga sabo. Bai damu da wane yaren manhaja kake rubutawa ba.

A nan delta ya burge ni. Dan Davison ne ya rubuta shi da yaren Rust, kuma jigogin launinsa iri ɗaya ne da na bat, wata manhajar nuna fayil cikin launi a tamina. Yana bambanta suna da lamba da sharhi a cikin layi, har ya nuna takamaiman kalmar da ta canza. Umarnin delta --show-syntax-themes zai jero maka jigogi irin su Dracula da Nord da GitHub, ka zaɓi ɗaya ka rubuta a saitin syntax-theme cikin .gitconfig. Amma a kula, jigon da aka yi don baƙin allo kan dushe a farin allo, ido ya wahala.

Matsalar delta ita ce sai an girka shi a kowace na'ura.

Wanda ke yawo tsakanin sabobi (kwamfutocin nesa) daban-daban ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, launukan Git sun ishe shi. Mai yini yana bitar aikin abokan aiki a kwamfutarsa kuwa, delta ne zai fi hutar da idonsa.