Samfurin Jirgin Ruwan Yaƙi na Farko: Wanne Ya Dace Ka Saya?

Duk wanda sha'awar harhaɗa ƙananan jiragen ruwan yaƙi na roba ta kama, sunaye uku ne suke fara jan idonsa: Bismarck na Jamus, Yamato na Japan da Missouri na Amurka. Ba laifinsa ba ne, su ne labarinsu ya fi yawo, su ne kuma hotonsu ya fi kyau a jikin kwali. Amma shawarata tun daga farko ita ce kada ɗayansu ya zama jirginka na farko. Nemi ƙaramin jirgi a babban ma'auni, sauran kuɗin ka zuba su a kayan aiki da fenti. Ga dalilai, ga kuma abin da ke kasuwa.

Ma'auni ne abu na farko da za a yanke, domin shi ke ƙayyade kuɗi, wurin ajiya da wahalar da ido zai sha. Guda biyu ne suka mamaye harkar: 1/700 da 1/350. Lissafin ba wuya, tsawon jirgin gaske za ka raba da wannan lamba. Bismarck mita 251 ne, saboda haka a 1/700 zai fito wajen santimita 36, a 1/350 kuma wajen 72. Yamato mai mita 263 zai kai santimita 75 a 1/350, Missouri mai mita 270 ya kai 77. Kafin ka biya, ɗauko awo ka gwada kantar da kake son ɗora shi. Da yawa sai kwali ya iso suke gane cewa babu inda zai zauna a ɗakin sai dai saman wardirof, inda ba mai ganinsa sai ƙura.

Ma'aunin 1/700 ya samu gindin zama ne a 1971, lokacin da kamfanoni huɗu na Shizuoka a Japan, wato Tamiya, Hasegawa, Aoshima da Fujimi, suka haɗa kai suka raba jiragen rundunar ruwan Japan a tsakaninsu, kowa ya ɗauki kasonsa, suka fitar da jerin da ake kira Water Line Series. Fujimi ta fice daga baya, amma ma'aunin ya riga ya zauna. Alfanunsa a fili yake: kwalin ƙarami ne, kuɗin dakonsa da sauƙi, kuma a kanta ɗaya za ka jera runduna guda. Illarsa kuwa ido da yatsu ne suke biya. Mutum mai tsawon mita 1.75 a wannan ma'auni milimita biyu da rabi ne kacal. Shingen ƙarfen da ke kewaye gefen jirgi, mai tsayin kamar mita ɗaya, bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Idan ɗan guntun bindiga ya kuɓuce daga bakin hantsaki ya faɗa kan kafet, sai dai haƙuri. A 1/350 komai ya ninka biyu a tsawo, kuma wannan ninki shi ne bambancin abin da za ka iya riƙewa da abin da sai ka danne numfashi kafin ka taɓa.

Akwai wasu ma'aunan a gefe. Airfix ta Ingila ta daɗe tana yin 1/600, Heller ta Faransa 1/400, Revell ta Jamus tana da tsofaffin 1/720 da 1/570. Ba su da aibi a karan kansu, sai dai kayan ƙari da ake yi musu ba su da yawa, kuma ba sa jeruwa da sauran jirage a kanta. Can sama kuma akwai 1/200 na Trumpeter, inda Bismarck ya haura mita ɗaya da kwata. Wannan na mai ɗaki na musamman ne da aljihu mai nauyi, mu bar shi.

To wane jirgi ke nan? Jiragen rakiya masu sauri, waɗanda ake kira distiroya. Misali mafi kyau shi ne ajin Fletcher na Amurka, wato jirage masu tsari iri ɗaya, wanda aka ƙera guda 175 a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawonsa wajen mita 115, a 1/350 santimita 33 ke nan: bai kai Bismarck na 1/700 tsawo ba, amma kowane ɓangare nasa ya ninka girma. Duk abin da za ka koya a babban jirgi yana jikinsa, igwa, bututun hayaƙi, ɗakin matuƙi, na'urar hango jirage, kwale-kwalen ceto, sai dai kowanne kaɗan ne. Igwansa biyar ne, ba tarin ƙananan bindigogin kakkaɓo jiragen sama irin na Yamato ba, waɗanda sai ka yi ta maimaita abu ɗaya har sha'awar ta fita daga ranka. Tamiya tana da Fletcher a 1/350 wanda ɓangarorinsa ke zama daram ba gardama. Trumpeter tana da The Sullivans, ɗan aji ɗaya. Mai son na Japan kuma ga Yukikaze, jirgin da ya shiga manyan gumurzu ya fita yaƙin da ransa, Tamiya da Hasegawa duk sun yi shi. Don a samu abin kwatance: NNS Aradu na rundunar ruwan Najeriya, mai tsawon wajen mita 125, da za a rage shi zuwa 1/350 zai ɗan ɗara Fletcher kaɗan ne. Abin sha'awa, kamfanin Blohm & Voss na Hamburg da ya ƙera Aradu shi ne ya ƙera Bismarck shekaru arba'in kafin nan.

Wanda ma yake son abin da ya fi haka sauƙi, jirgin ƙarƙashin teku ya ishe shi gwaji. Na Jamus samfurin VIIC mita 67 ne, Revell tana da shi a 1/144, wajen santimita 47, HobbyBoss kuma tana da ƙananansu a 1/350 masu 'yan ɓangarori. Sai dai ba zai koya maka aikin gine-ginen saman jirgi ba, don kusan babu su.

Maganar kamfanoni tana da tsawo, domin a nan mutane suke yawan yin asara. Tamiya ita ce ta mai koyo. Takardar bayaninta a bayyane take, ɓangarori na shiga juna ba sai ka cike rami ko ka kankare ba, amma sau da yawa tana sauƙaƙa ƙananan abubuwa, kuma ba ta cika sa kayan ƙarfe, wato siraran ɓangarorin tagulla irin su shinge da tsani, a kwali ba. Trumpeter da 'yar uwarta HobbyBoss, 'yan China, sun fi kowa yawan nau'in jirage, suna cika kwali da ɓangarori, galibi har da faranti na kayan ƙarfe, kuma farashinsu bai cika tsauri ba idan aka kwatanta da abin da ke ciki. Inda ake kuka da su shi ne launukan da suke ba da shawara a takardarsu, da wasu kura-kurai na siffa a wasu jiragen. Academy ta Koriya ta Kudu tana tsaka-tsaki, Warspite da Graf Spee ɗinta na 1/350 ba su da tsada. Dragon da Flyhawk kuwa na gwanaye ne. Flyhawk a 1/700 tana fitar da abin da sai ka sa madubin ƙara girma za ka yarda roba ce, amma abin da wani kamfani zai zuba a guntu ɗaya ita sai ta raba shi biyar. Kyawunta ne zai ruɗe ka, ka jira sai jirgi na huɗu ko na biyar. Idan kuma yaro za ka saya wa, ko kana son gwadawa ba tare da gam da fenti ba, Meng da jerin Fune Next na Fujimi suna da 1/700 masu launi tun daga masana'anta, maƙalawa kawai ake yi.

Sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa, domin kwali sabo ba ya nufin zubi sabo. Kamfanoni kan ɗauko mazubin da aka sassaƙa shekaru hamsin da suka wuce su sake zuba roba, su sa a kwali mai sabon zane. Bismarck na Tamiya a 1/350 tun ƙarshen shekarun 1970 yake, na Revell kuwa ya fito a 2007 kuma ya fi shi cikar bayani nesa ba kusa ba, ko da yake na Tamiya ya fi sauƙin haɗawa. Yamato na Tamiya kansa iri biyu ne, tsohon zubi da sabon da ya fito a 2011, farashinsu da aikinsu ba ɗaya ba. Shafin Scalemates yana nuna tarihin kowane kwali da shekarar da aka fara zubinsa. Minti biyar a can kafin biyan kuɗi ya fi wata guda kana kankare gefen roba da ya yi gemu. Araha ba ta ado, musamman kwalayen da ba su da sunan kamfani da ake tallarsu a intanet, waɗanda yawanci kwafin tsofaffin zubi ne marasa kaifi.

Duba kuma kalmomi biyu a jikin kwali. Waterline na nufin an yanke jirgin daidai inda ruwa ke tsaya masa, zai zauna a shimfiɗe kamar yana kan teku. Full hull na nufin cikakkiyar gangar jiki har da farfela, wadda ake ɗorawa a kan maɗori. Na farkon ya fi dacewa da mai son ƙera teku na ƙarya a ƙarƙashinsa, na biyun ya fi kwarjini a cikin gilashi. Ni na biyun na fi so, don jan fentin ƙasan jirgi yana karya tokar da ta mamaye sama. Sannan a kula da shekarar da samfurin ke wakilta. Missouri na 1945, wanda a kansa Japan ta sa hannun miƙa wuya ranar 2 ga Satumba a mashigin Tokyo, ba shi ne Missouri na 1991 mai makamai masu linzami na yaƙin Gulf ba, kuma Tamiya ta yi duka biyun. Haka Yamato na 1941 ya bambanta da wanda aka nutsar ranar 7 ga Afrilu 1945, don an cire masa igwan gefe an cika wurin da bindigogin kakkaɓo jirage.

Kayan ƙari su ne ramin da kuɗi ke zurarewa. Akwai siraran farantan tagulla da ake kira photo-etch, na shingen gefe, tsani da na'urar hango jirage, daga kamfanoni irin su Eduard na ƙasar Czech da Gold Medal Models na Amurka. Akwai bakin igwa na ƙarfe, akwai daɓen katako mai manne kansa. Cikakken saiti irin na kamfanin Pontos kan iya fin jirgin kansa tsada. A jirgi na farko, shingen gefe kaɗai ya isa. Shi ne abu ɗaya da yake fitar da samfuri daga kamannin abin wasan yara, kuma ana samunsa shi kaɗai da araha.

Fenti ne ya fi ba mai saye daga Kano, Kaduna ko Maraɗi ciwon kai, ba don zaɓi ba sai don dako. Fentin gwangwanin feshi, mai tina da gam ɗin roba duk masu kama wuta ne, dillalai da yawa ba sa aiko su ta jirgin sama. Wannan ya sa fenti mai ruwa, irin Vallejo na Sifaniya, ya fi zama mafita: yana shafuwa da burushi lafiya, da ruwa ake sirka shi, ba ya wari. Na Tamiya ya fi kyau a injin feshi fiye da burushi, amma yana da launukan jirage a shirye, kamar XF-75 tokar ma'aikatar jiragen ruwan Japan ta Kure, XF-77 ta Sasebo, da XF-9 jan ƙasan jirgi. Fenti mai mai irin Humbrol yana kwanciya sumul, sai dai yana daɗewa bai bushe ba, kuma a lokacin hunturu wannan jinkiri gayyatar ƙura ce. Zafi ma yana da nasa: fenti mai ruwa kan bushe a bakin burushi kafin ka kai ƙarshen layi, don haka a haɗa da ruwan jinkirta bushewa, a yi aikin da sassafe ko da dare. Kada ka kuskura ka ɗauko tinar masu fentin mota ko fetur, suna cin wannan roba. Kada kuma a bar kwali a mota cikin rana, gangar jirgi tana lanƙwashewa.

Injin feshi da kwamfuresa ba dole ba ne a farko, balle inda wuta ba ta da tabbas. Distiroya mai launi ɗaya, kamar shuɗin da Amurka ta shafe jiragenta da shi a tsarin Measure 21, burushi mai faɗi da shafe siriri sau biyu ko uku ya wadatar. Abin da ba makawa shi ne ƙaramar filayar yanke roba, wuƙa mai kaifi irin ta likitoci, hantsaki mai tsini, samfefa mai laushi, tef ɗin rufe wurin da ba a son fenti ya taɓa, da gam iri biyu. Gam ɗin roba, kamar Tamiya Extra Thin, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, amma ba ya kama ƙarfe. Na tagulla sai sufa gulu, wanda ake samu a kowane shago, ko farin gam na kafintoci da ke ba ka lokacin daidaita shinge kafin ya kama.

Wajen lissafin kuɗi, kada ka tsaya a farashin da ka gani a shafi. Masu dako suna duba girman kwali ba nauyi kaɗai ba, kuma kwalin babban jirgi na 1/350 dogo ne mai cin wuri, ga abin da Kwastam za su iya nema. Na distiroya kuwa yana shiga jakar ɗan'uwan da zai dawo daga tafiya. Ka ware wani abu kuma don akwatin gilashi, mai yankan gilashi na unguwa zai haɗa maka idan ka ba shi awo, ka ƙara kamar santimita biyar a kowane gefe. Jirgin da aka gama da shingensa da zaren da ke wakiltar wayoyin samansa ba ya goguwa da tsumma, don haka a ba da aikin akwatin tun kafin a kai ga ɗaura zaren.