Tsakanin Paulaner 0,0 da Punk AF, ta alkamar zan ce ka ɗauka

Ɗan'uwa, cikin giya marasa barasa biyun da ka ce mai kantin ya nuna maka, Paulaner Weißbier 0,0 ta Jamus (wadda ake yi da alkama) da Punk AF ta kamfanin BrewDog, ɗauki Paulaner.

A wajen wani dattijo Bajamushe na fara shan ta, maƙwabcina lokacin da nake zaune a Munik. Ya san ba na taɓa barasa, sai ya je da kansa ya sayo ta wata rana da muka gasa kaji a bayan gida. Na kai kwalbar baki kenan ya riƙe min hannu, ya shiga ciki ya fito da dogon kofin gilashi. Ya ɗauraye shi da ruwan sanyi, ya karkata shi, ya riƙa tsiyayawa a hankali. Da ya rage kaɗan sai ya jujjuya kwalbar, kamar yadda ake girgiza kunun zaƙi don abin da ya kwanta ya taso, sannan ya juye ragowar a sama. Kumfa ta tashi fara tas, ruwan ya yi duhu-duhu. Ƙamshin ayaba nunanniya ne ya fara dukan hancina, sai na kanumfari a bayansa, alhali ba a sa ko ɗaya a ciki ba. Irin yis ɗin da ake haɗa ta da shi ne ke fitar da wannan ƙamshi. Tana da ɗan zaƙi da ɗan tsami, ɗacinta kaɗan ne ƙwarai, tana kuma da kauri a baki, domin a ƙa'idar Jamus sai alkama ta kai aƙalla rabin tsiron hatsin da aka yi amfani da shi kafin a kira abu Weißbier. Da gasasshen nama mai yaji kuwa, tana kwantar da zafin barkono ba tare da ta kashe ɗanɗanon naman ba. Gidan Paulaner ya samo asali ne daga wasu 'yan zuhudu na Munik tun 1634.

Punk AF fa? Ba laifi. BrewDog sun fara a Sukotilan a 2007, kuma abin da suka fi ji da shi shi ne furen hof, wanda ke ba da ɗaci da ƙamshin ɓawon lemu. Mai son ɗaci zai ji daɗinta, amma ni ta yi min ruwa-ruwa. Ƙamshin hof ɗin ma ba ya jure zafi da daɗewa, ga kuma doguwar tafiyar jirgin ruwa zuwa Legas.

Babban abin da ya raba su yana jikin takarda. Punk AF na da barasa kashi 0.5 cikin ɗari. A Jamus ma, abin da aka rubuta wa "alkoholfrei", wato marar barasa, zai iya kaiwa 0.5, misali Erdinger Alkoholfrei da ake raba wa 'yan gudun yada-ƙanin-wani na Balin idan sun kai ƙarshe. Idan sifili kake so, nemi "0,0%" ƙarara, da waƙafi suke rubuta shi. Sannan ka sani, yawancin masu 0,0 sai an haɗa su sun nuna tukuna a cire barasar daga baya. Akwai mutanenmu da ko hakan ba sa yarda da shi, kuma ina girmama su. Idan zuciyarka na da shakka, tambayi malamin da ka amince da shi kafin ka kashe kuɗinka.

Wannan ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa: yi hattara da masu sayarwa. Paulaner na da wata Weißbier mai barasa kashi 5.5, suna ɗaya, tambari ɗaya, kwalbar ma kusan iri ɗaya. Wani yaron kanti bai iya karanta Jamusanci ba, wani kuma ya sani sarai amma so yake kaya su fita, sai ya ce maka duk ɗaya ne. Karanta da idonka. Duba ranar lalacewa, wadda Jamusawa ke sa wa "mindestens haltbar bis". In ka ga an kankare wurin ko an manna sabuwar takarda a kai, ajiye ka yi gaba. Nemi lambar NAFDAC. Kwalbar da aka jera a taga rana na dukanta ma kar ka saya, haske na ɓata ƙamshin har ya koma wari. Gwangwani ya fi tsare abin da ke ciki.

Sayi Paulaner ɗaya tak ka gwada kafin ka ɗauki katan. Ajiye ta a tsaye cikin firij ta yi sanyi madaidaici, kar ta kusa daskarewa, kar kuma ka jefa mata ƙanƙara.