RSSSF: Inda Na Bi Sawun Nicolae Kovács, Ɗan Wasan Romaniya

Manhajojin da muke duba sakamakon ƙwallo a waya ba su cika waiwayen abin da ya faru kafin yaƙin duniya na biyu ba. Wannan ya sa na koma shafin RSSSF, taskar alƙaluman ƙwallon ƙafa da masu sha'awa suka kafa a 1994, kuma kyauta ake shiga. Na gwada shi da ɗan wasan da labarinsa ya daɗe yana burge ni, wato Nicolae Kovács na Romaniya, yayan Ștefan Kovács, kocin da ya ci wa Ajax kofin Turai a 1972 da 1973. Ƙanin ya yi suna, yayan kuwa kusan an manta da shi, alhali yana cikin 'yan ƙalilan da suka halarci gasar kofin duniya uku na farko.

Abin da ya fara faranta mini rai shi ne sauƙin shafin. Rubutu ne zalla, babu hoto, babu bidiyon da zai tashi da kansa ya cinye maka data. Ko sabis ya yi rauni yana buɗewa. Wanda ya saba da shafuka masu ƙyale-ƙyale zai ga kamar an koma zamanin farkon intanet, amma ni hakan ya fi mini.

A sashen kofin duniya na samu abin da nake nema. A 1930, a birnin Montevideo, Romaniya ta doke Peru da ci 3-1, kuma Kovács, yana ɗan shekara 18, yana cikin waɗanda suka jefa ƙwallo a raga. Daga nan Uruguay mai masaukin baƙi ta lallasa su da 4-0. A 1934 Cekoslobakiya ta fitar da su da 2-1 a Trieste, ita ce kuma ta kai wasan ƙarshe a shekarar. Na 1938 ne ya fi ciwo: sun tashi 3-3 da Kuba a Toulouse, aka sake karawa, Kuba ta yi nasara da 2-1. Na daɗe ina kallon wannan sakamako, domin Romaniya ta zo da gwanaye irin su Ștefan Dobay, kuma ba wanda ya zaci haka.

Jerin zakarun gasar Romaniya ma ya buɗe mini ido. Chinezul ta garin Timișoara ta ɗauki kofi sau shida a jere daga 1922 zuwa 1927, sannan Ripensia, ita ma ta garin, ta ɗauke shi sau huɗu a shekarun 1930. Kovács ya buga wa duka biyun. Da ka ga jerin za ka gane cewa a wancan lokaci zuciyar ƙwallon ƙasar tana yamma ne, kusa da iyakar Hungari.

Sai dai shafin ƙashi yake ba ka, naman kai za ka nemo. Ba zai ba ka labarin tafiyar da tawagar Romaniya ta yi zuwa Uruguay a 1930 a jirgin ruwan Conte Verde tare da ta Faransa da ta Beljiyam ba. Ba zai kuma bayyana maka dalilin da ya sa Kovács ya buga wa Hungari wasa a 1941 ba: a 1940 ne aka miƙa arewacin yankin Transylvania na Romaniya ga Hungari, garin Oradea, inda Kovács ya taka leda, ya koma can da ƙungiyarsa da 'yan wasansa. Aikin koci da ya yi bayan ya daina taka leda ma ba a nan za ka bi shi daki-daki ba, domin teburin gasa ya fi ba da muhimmanci.

Shawarata ga mai nema: gwada rubuta sunan iri-iri, don wasu takardu na kiransa Covaci, na Hungari kuma Miklós. Shafin da Turanci yake, amma yawancinsa sunaye ne da lambobi, ko mai ƙaramin Turanci zai amfana. Ga mai shirya shirin wasanni a rediyo, ko mai son tabbatar da sakamako kafin ya shiga gardama a majalisa, ina ba da shawarar a yi amfani da shi.